Kogin da Ya Tare wa Vengipo Hanya

Duk wanda ya taɓa shayar da dabba a rijiyoyin yashi da ke yamma da ƙauyen Etanga ya san Vengipo, ko bai riƙe fuskarta ba ya riƙe muryarta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, kuma jan ƙasar da take shafawa a jiki ya fi na sauran matan ƙabilarsu ta Himba duhu, don ba ta rowar man shanu ko a shekarar da nono ya yi wuya. Tana yarinya mai kitso biyu a goshi babban fari ya zo ya share shanun ƙasar, aka wayi gari a rugar kawunta babu kukan maraƙi ko ɗaya. Tun daga lokacin ta ba awaki zuciyarta. Takan ce maza su yi ta waƙe shanunsu, ita dai ta ga dabbar da ta rage a tsaye bayan fari ya wuce.

Mijinta Katjira dogo ne siriri, mutum mai son wasa, wanda ba ya iya wuce jariri ko tsohuwa bai tsokane su ba. Shi ke riƙe da wutar kakanni ta gidansu tun rasuwar mahaifinsa. Mutane kan yi mamakin zamansu, ita kullum fuska a ɗaure, shi kullum haƙora a waje, amma ba a taɓa jin ta yi yaji ba. Sun haifi 'ya'ya, wasu sun tsaya wasu sun koma. Babbar 'yarsu ita ce Hembapu, da sunanta suke kiran juna.

Shekaru aka yi ana shan ruwan rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, har yara suka taso ba su san yadda ake haƙa yashi ba. Sai damina ta ƙi zuwa, ta sake ƙi, ta kuma ƙi. Samarin gidan suka kora yawancin shanu can cikin duwatsun arewa. Giwaye kuma, da ƙishi ya ishe su, suka biyo busasshen kogi suka shinshino tankin, suka tumɓuke bututun suka karya famfon. Aka aika garin Opuwo, masu gyara suka ce suna nan tafe. Da aka gaji da duban hanya, dattawa suka ce a koma gindin gawo a haƙa, kamar yadda iyaye suka yi.

Vengipo kan fita da jakunanta biyu tun rana ba ta leƙo ba, ba ta dawowa sai inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Ruwan da ta kawo a jarkoki kuwa yana da tsarinsa wanda ba mai taɓawa: na 'yan awaki da ba su iya tafiya ba, na tukunyar tuwon masara, sannan na sha. Ko jikanta ne ya zubar da rabin moɗa sai ya ji a kunnensa. Rijiyar kuma kullum ƙara zurfi take yi, ruwan na gudu ƙasa ana bin sa. Aka tokare bangon da gumagumai na itacen mofane, maza suka riƙa tsayawa hawa-hawa a ciki, na ƙasa ya miƙa wa na sama guga, suna rera sunayen bijimansu don aikin ya yi sauƙi. Katjira ne kullum a can ƙasa. Cewa yake tsawonsa ya isa ya rage musu mutum guda, kuma a ƙasa ne kawai matarsa ba ta iya yi masa faɗa.

Wata safiya Vengipo na bakin kwami tana korar manyan awaki don ƙanana su samu, sai ta ji waƙar ta yanke, wani abu ya yi gum a ƙarƙashin ƙafarta. Bangon gabas ne ya zame. Na sama suka tsallake, Katjira kuwa yashi ya rufe shi har wuya, gungume ɗaya ya danne masa ƙafar hagu. Aka yi ta tono da hannu da ƙwarya, ita ma ta sauka, ba wanda ya ce mata mata ba sa shiga. Da aka fito da shi ƙashin ƙwaurinsa ya huda fata. Ya buɗe ido ya nemi Tjihange, ɗan 'yar uwarsa, wanda shi ne zai gaji shanunsa bisa al'ada, ya ce masa, "Kada ka fara ƙirga su tukuna, ɗan nan. Da saurana."

Tjihange, magidanci ne da gemunsa, ya juya baya yana share ido.

Wata tsohuwa mai ɗori ta gyara ƙafar, ta sa saiwoyi, ta ɗaure da sanduna da tsirin fata. Aka ce a jira. Katjira ya sa aka kai shi gaban wutar kakanni ya gaya musu abin da ya faru. Kwanaki suka shige, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, ya rage wasa, ya fara barin tuwo a akushi. Ranar da Vengipo ta kwance ɗaurin ta ji warin da ya taso, ta san irinsa, ta taɓa jin sa a jikin akuyar da kura ta yaga. Ta mayar da ɗaurin, ta fita ta ce wa Tjihange ya kamo jaki.

Katjira ya ce ba inda za shi. Wa zai kula da wutar? Kuma duk wanda ya sani da aka kai asibitin Opuwo a kwance, a kwance aka dawo da shi.

"Baban Hembapu," in ji ta, "ƙaninka zai hura wutar. Ka ce na cika faɗa, to yau ba faɗa nake ba. In ka mutu a ɗakin nan alhali akwai hanya, ba zan yafe maka ba, kuma kakannin naka ma sai na je na gaya musu."

Ya dube ta, ya ga ba wasa a fuskarta, ya ce to a ɗauko masa lofensa da 'yar kujerarsa.

Suka ɗora shi a kan jaki, Tjihange na tallafe da shi, ita tana jan wani bunsuru da za ta ba mai mota. Duk tuntuɓen da jakin ya yi sai ta ji shi a nata jikin. Rana ta karkata kafin su kai babbar hanya, wadda ba komai ba ce sai tsakuwa da sawun taya. Suka shimfiɗa masa ƙirgi a inuwar wani mofane, suka zauna jira. Motar farko ta baƙi ce masu yawon buɗe ido, cike da kaya har rufi. Suka tsaya, matar ta ga ƙafar ta toshe baki, ta ba su ƙwayoyin rage zafi da gorar ruwa, ta yi ta nuni da hannu cewa babu wuri. Vengipo ta karɓa ta gode, don ta ga dai babu wurin. A nan suka kwana.

Kashegari da hantsi akori-kurar Gerson ta ɓullo tana tari. Gerson Baherero ne, ɗan ƙabilar da ke maƙwabtaka da Himba, mai tumbi da malafa, wanda ya shekara da shekaru yana jigila tsakanin Etanga da Opuwo, kuma bai taɓa ɗaukar fasinja bai zage shi ba. Bayan motar cike yake da mutane da awaki da buhunan da ba komai a ciki. Ya leƙo ya ce shi ba ya ɗaukar matan Himba, jan ƙasarsu ya gama masa da kujeru.

Vengipo ta ce, "Wace kujera? Wannan gwangwanin da ko kaji sun raina?"

"To ki jira jirgin sama, uwata."

Yana faɗa yana saukowa. Da ya ɗaga mayafin ya ga ƙafar sai ya bar tsiyar. Ya sa aka sauke wasu buhuna, ya kori wani saurayi zuwa kan rufi, ya cire katifar da yake kwana a kai ya shimfiɗa. Tjihange ya juya da jakin gida saboda dabbobi, bayan ya riƙe hannun kawunsa ya daɗe bai saki ba.

Tafiyar ba ta da daɗin faɗa. Inda hanya ta yi tsakuwa motar ta yi ta karkarwa, inda ta yi yashi a sauka a tura. Vengipo ta ɗora kan mijinta a cinyarta, ta tokare ƙafar da buhu, tana kare masa rana da jikinta. Taya ta fashe aka canza. Tun safe akwai hadari can gabas a kan duwatsu, baƙi ƙirin, amma ba wanda ya ce komai a kansa, don an gaji da hadarin da ke haɗuwa ya watse. Inda suke kuwa ko ɗigo bai sauka ba.

Da la'asar suka gangaro mashigin kogin Hoarusib, sai Gerson ya taka birki ya kashe mota. Kafin su gani sun ji. Kogin da aka yi shekaru ana haƙa cikinsa ana neman abin jiƙa maƙogwaro, ga shi ya kawo, ja wur, daga wannan gaɓa zuwa waccan, yana tafe da itatuwa da kumfa da mushen wata saniya. Ruwan da ya sauka a duwatsu ne ya iso.

Mutanen cikin motar suka dira. Mata suka ɗau guɗa, wata Baherera mai doguwar riga ta durƙusa tana waƙar coci, makiyayan rugagen kusa suka ɓullo da gudu, dabbobinsu na gaba suna baya. Yara suka yi ta birgima a taɓo. Vengipo ba ta motsa daga bayan motar ba. Tana jin zafin jikin Katjira a cinyarta kamar dutsen murhu, tana duban ruwan nan da ta roƙa safe da yamma, ta ji ba abin da ta tsana a duniya kamarsa. Ta tambayi Gerson yaushe zai janye. Ya ce wannan sai wanda ya aiko shi, wani lokaci wuni, wani lokaci har a manta da ranar da aka zo. Wata hanyar fa? Ya ce duk hanyar da za su bi sai ta ratsa kogin nan ko ɗan uwansa.

Katjira ya farka ya tambayi hayaniyar mece ce. Da aka gaya masa ya ce a kai shi ya gani. Ta ce ba za a motsa shi ba, ya ce ai ba ita ya roƙa ba, Gerson ya roƙa. Maza suka ɗauke shi da katifar suka ajiye a bakin gaɓa ƙarƙashin wata goruba. Ya daɗe yana kallo, leɓunansa a fashe.

"Uwar Hembapu, dubi," ya ce. "Duk wannan, kuma ba mai miƙa guga."

Ta ce ya yi shiru ya adana ƙarfinsa.

"Da na san zai zo da ƙafarsa, da ban ba shi tawa ba."

Mutanen da ke kusa suka yi dariya, ita ma ta kusa, sai abin ya juye mata ya zama kuka, ta sunkuyar da kai don kada a gani. Ya ce ta wanke masa fuska. Ta ɗebo a ƙwarya ta bari lakar ta kwanta, ta wanke masa fuska da wuya da ƙirji, ta sake ɗebowa ta zuba masa a ka, ta kuma ɗebowa. Tunda aka haife ta ba ta taɓa zubar da ruwa haka a ƙasa ba. Jikin ya ɗan yi sanyi, ya samu barci.

Gerson kuwa ya zo ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce bunsurun nan da ta ba shi ladan kai su Opuwo ne, ga shi bai kai su ba, shi kuma ba ya cin abin da bai yi aikinsa ba. Ya sa aka yanka aka dafa a tukunyar wasu makiyaya, duk wanda kogi ya tare ya samu yanka. Katjira ya kurɓi romo, abin da ya fara shiga cikinsa ke nan tun barinsu gida.

Sai da aka sake kwana aka wuni kafin ruwan ya fara janyewa. A ɗaya gaɓar wata mota ta tsaya, ta kawo kayan kanti daga Opuwo. Gerson ya hau dutse suka yi ta ihu da direban, rabin maganar ruwa na cinyewa, har suka daidaita: kowa ya juya da fasinjan ɗan uwansa. Wani makiyayi ya shiga da sanda ya gwada, ruwan ya kawo masa ƙugu. Dattawan wurin suka ce a ƙara jira. Vengipo ta duba ƙafar, baƙin ya haye gwiwa, Katjira kuma ya fara kiran sunayen mutanen da suka daɗe da mutuwa. Ta ce ba za ta ƙara jira ba.

Gerson ya kwance ƙofar bayan motarsa, aka ɗaure Katjira a kai da igiyar awaki, maza mafiya tsayi suka ɗaga shi a kafaɗa. Mutanen da ba su san shi ba ne, ko sunansa wasu ba su ji ba. Ita kuwa ruwa bai taɓa wuce mata idon sawu ba. Gerson ya ce ta kama ɗamararsa ta baya da hannu biyu, kada ta dubi ruwan, ta dubi malafarsa.

"In kika ja ni muka faɗi, uwata, sai na kai ƙararki wurin kakanninki."

"Yi tafiyarka, mai tumbi. Ai ko kogi ba zai iya ɗaukarka ba."

Sanyin ya ɗauke mata numfashi. Yashi na zamewa a ƙarƙashin tafinta, fatar da ta ɗaura ta jiƙe ta yi nauyi tana jan ta, ruwan ya kawo mata ƙirji. A tsakiya wani reshe ya bugi ɗaya daga cikin masu ɗaukar, ya durƙusa, ƙofar ta karkata, ta ga hannun mijinta ya leƙo yana lilo. Ba ta san ta saki ɗamarar ba sai da ta ji Gerson ya cafko ta a damtse. Mutumin ya miƙe, aka daidaita, aka ci gaba. Da suka taka busasshiyar ƙasa ta zauna a wurin. Gerson ya karɓi ƙofarsa ya ɗora a ka ya koma cikin ruwa, ko sallama bai tsaya yi ba.

A asibiti aka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Ƙanwarta Uaenisa, wadda ta auri Baherero ta koma sa doguwar riga da ɗankwali mai ƙaho, ita ta riƙa fassara mata maganar likita. Ta so Vengipo ta sauka a gidanta na kwano, amma ita ta fi son gindin bishiyar da ke wajen asibitin, inda sauran masu jinya daga ƙauyuka ke girki. Akwai wani famfo a tsakar wurin da ke ɗiga dare da rana, kowa na wucewa. Vengipo ta jure, ta jure, ranar da ta kasa ta yanko tsirin fata daga ɗamararta ta ɗaure masa baki tam, har sai da mai shara ya sa wuƙa.

Da Katjira ya dawo hayyacinsa ya ɗaga bargo ya duba. Abin da ya fara tambaya shi ne ina aka kai ƙafar, don ba ya son ya isa wurin kakanninsa su tambaye shi sauran. Uaenisa ta je ta tambayo, ta dawo ta ce an binne. Ko gaskiya ne ko ta faɗa ne don ya samu natsuwa, Vengipo ba ta bincika ba.

Uaenisa ta yi ta lallashinta su zauna a gari. Ta ce, "Yaya, me za ki koma yi da gurgu a cikin duwatsu? Nan ga famfo, ga asibiti." Vengipo ta ce ta ga famfon, ta kuma ga layin da ake yi a kansa, ta ga matan ƙauyensu da suka zo lokacin farin da ya gabata suna zaune a ƙofar kanti suna jiran baƙo ya ɗauki hotonsu. Ta ce ita tana da awaki.

Da suka koma gida ƙasa ta yi kore shar, shanu sun dawo daga arewa, waɗanda suka rage. Katjira ya koyi tafiya da sandunan asibiti, da suka karye ya sassaƙa nasa. Bai sake kiwo ba. Ya zauna yana sassaƙa akusan tatsa, yana kula da wutarsa, yana tsokanar duk wanda ya gifta. Abin da ya shafi rabon ruwa da makiyaya kuwa Vengipo ce ta riƙa zuwa a madadinsa, ta zauna a gefen taron maza ta ce Baban Hembapu ya ce kaza. Kowa ya san Baban Hembapu bai ce komai ba, amma ba wanda ya taɓa musa mata.

Ya yi shekaru masu dama a haka, ya ga auren jikokinsa biyu. Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi a wani lokacin sanyi, a ɗakinsa, wutarsa na ci a waje. Aka yanka bijimai aka kafa ƙahoninsu a kan kabarin. Bayan an share makoki Tjihange ya zo karɓar gadonsa, ya tsaya a bakin garke ya kasa shiga. Ya ce, "Inna, zaɓi waɗanda za ki riƙa tatsa, su zauna wurinki." Ta ce ba al'ada ba ce. Ya ce shanunsa ne yanzu, inda ya ga dama zai ajiye su. Ta zaɓi uku marasa kyan gani masu yawan nono, ya ce ta ƙara, ta ce waɗannan ma wa zai ɗebo musu ruwa.

Yanzu tana gidan Hembapu, idonta ɗaya ya yi hazo, jarka ta fi ƙarfinta. Bana ma damina ta yi gardama, gidan na shirin tashi zuwa duwatsu. Surukinta ya ce za a ɗora ta a jaki, ta ce a ɗora tukwane, ita za ta bi awaki a hankali, in sun riga ta isa su hura wuta.